DAGA BAYAN KYAMARA: Mai zumin ko tsayayye, wanne ya fi fito da fuska?

Wasiƙar da zan amsa a wannan watan daga Haɗejiya ta zo. Wani matashi mai ɗaukar hoto ne ya ce wani furodusa ya ba shi aikin hotunan fosta, ga shi kuma ɗan abin da ya tara bai wuce kuɗin lens guda ɗaya ba. Wai mai zumin zai saya, ko tsayayyen nan da ba ya zuƙowa, wanda ake ce wa firaim? Ya ce in ya kwafsa a wannan aikin, ba ya jin za a sake kiran sa.

To ƙanena, tsoronka na kan hanya. Tun zamanin kaset, in mutum ya shiga Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, fuskar da ke jikin kwali yake fara dubawa kafin ya tambayi labari. Yanzu an koma YouTube, amma har gobe fuskar ce ke sa a latsa.

In dai fuska ce aikinka, ni tsayayye zan ce ka saya, 50mm mai f/1.8. Ga dalili. Zumin nan 18-55mm da ke zuwa da kyamara, in ka zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, shi kuwa f/1.8 hasken da yake sha ya kusa ninki 10 na wancan. Ka ga ke nan in rana ta yi sanyi bayan la'asar, lokacin da fata ta fi yin kyau a hoto, kai kana nan kana aiki, mai zumin ya fara neman fitila. Sannan yana narkar da bayan mutum: kachallar nan da ta cinye bakin ruwa sai ta koma kore lumui, jaruma ta fito ɗas. Na Canon da ya fito a 2015 nauyinsa giram 160 ne kacal, kuma yana cikin mafi araha. A ƙananan kyamarorinsu 50mm na gani ne kamar 80mm, daidai hoton fuska.

Amma fa kada ka cusa wa yarinya kyamara a hanci. Matsowa kusa da yawa shi ke kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunne, ko wane lens ka ɗaura. Ja baya kamar taku uku.

A nan ne kuma garinku ke da nasa hukuncin. Mai tsayayye da ƙafarsa yake zumin, to ina zai taka a fadama? Na taɓa bin wasu 'yan fim lokeshin wajen Baturiya, darakta ya sa jaruma cikin kwalekwale, ni kuma ina gaɓa da 85mm. Iska ta turo kwalekwalen kusa, na ce bari in ja baya, sai ji na na yi tsundum cikin taɓo har gwiwa! Allah Ya so ni na ɗaga kyamarar sama. Dariyar da aka yi mini ranar, har mai tuƙin bai raga mini ba. Da 70-200mm ne a hannuna, da ɗan murɗawa kawai zan yi. Haka nan ranar hawan Sallah, ba ka isa ka ce wa doki ya tsaya ka gyara tsayuwa ba. Sai dai shi wannan 70-200mm ɗin mai f/2.8 ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuwa kada ma ka tambaya.

Ga kuma ƙurar hunturu. Duk cire lens ɗin da ka yi a fili, ƙura ka gayyato cikin kyamara, gobe ka ga ɗigo-ɗigo a goshin jarumi. In dole ne, shiga mota ka rufe gilas, ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

Saboda haka sayi 50mm ɗinka, ranar fitar ruwa ka nemi aron zumin ko haya wurin abokan sana'a. In jarumi da jaruma za ka haɗa a fosta ɗaya, kada ka bar shi a f/1.8, don idon ɗaya zai fito ras, na ɗayan ya dushe. Mayar da shi f/4, ka jera su kafaɗa da kafaɗa.

Ina jiran ka aiko mini da fostar in ta fito. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.