A cire shibra kafin bununi ya tashi

Ina yaro a Barmou, idan muka ratsa gonar hatsi da hantsi a ƙarshen watan Agusta, rigata takan fito da wata ƙura rawaya-rawaya. Kakana yakan shafa zangarniya, ya dubi tafin hannunsa, ya ce: "Hatsi ya yi bununi, sai addu'a." Sai da na zo karatu Tahoua, wani malami ya ɗora mana wannan ƙura a ƙarƙashin madubin likita, na ga abin da tsohon yake shafawa.

Ƙwayoyi ne kewayayyu, sumul, kowace da ɗan rami guda ɗaya tak. Sai an jera wajen 30 kafin su cika milimita 1. Malamin ya sa mana na kuɓewa a gefe: manya, duk jikinsu ƙaya, don su maƙale wa ƙudan zuma. Na hatsi ba ruwansu da ƙwari. Busassu ne marasa nauyi, iska ce jakinsu.

To, nan maganata take. Zangarniya takan fara fitar da fararen zarurruka na mace, sai bayan kwanaki bununinta ya biyo. Kafin nan ƙurar wata zangarniyar ta riga ta sauka, wani lokaci daga gonar maƙwabci. Iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. Shi ya sa manomi zai karɓi irin HKP na cibiyar INRAN, ya shuka kusa da gergera, hatsinmu na gargajiya, ya ɗebi iri a ciki, bayan damina biyu ko uku ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi da iri ba, bayani ne ba a yi masa ba, kuma wannan laifin masu rabon iri ne.

Shibra ta fi damuna. Muna barinta saboda tana nuna da wuri, tana tsare yunwa kafin girbi. Na ci ta, ba zan raina ta ba. Amma ƙurarta tana shiga hatsin kirki, ɓarnar kuma sai baɗi take bayyana.

'Yan uwana manoman Adar, ku ware fegin da za ku ɗebi iri, can tsakiyar gona. A wannan fegin kaɗai, ku tuge shibra tun ba ta yi bununi ba.