FILIN KANIKANCI: Injin Yana Kuka, Mota Ba Ta Tafiya

A wannan mako za mu sauka daga kan manyan motoci mu duba ƙanana, watau motocin nan na wasa da ake tuƙawa daga nesa da rimot, waɗanda iyaye ke saya wa 'ya'yansu a Kasuwar Wuse da manyan kantunan Abuja, musamman da Salla ko lokacin hutun makaranta. Kada wani ya ce wannan sha'anin yara ne kawai, domin kuɗin da magidanta ke zubawa a kansu ba kaɗan ba ne, kuma da yawa daga cikinsu ana jefar da su a bola alhali gyaransu bai wuce ɗaure noti guda ba.

Ciwon da ya fi damun waɗannan motoci shi ne: yaro ya danna rimot, injin ya yi ta kuka, amma mota ta tsaya cik, ko kuwa ta riƙa jan jiki, musamman a hawa ko cikin yashi. Nan da nan sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo, ciwo kuma yana nan. To, ku sani kukan injin shi ne shaidar cewa batir da rimot lafiyarsu ƙalau. Ƙarfi yana fitowa daga injin, a kan hanya ne yake zubewa kafin ya isa ga taya.

Motocin iri biyu ne. Akwai masu araha, waɗanda giyarsu duka roba ce a cikin akwati ɗaya. Akwai kuma na ƙwararru, irin na kamfanin Tamiya na Japan, wanda ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, da na Traxxas na Amurka, wanda aka kafa a 1986. Waɗannan an ƙera su bisa tsarin babbar mota, ana kwance su a sāke duk abin da ya lalace. A cikinsu ƙarfi yana tashi daga injin lantarki zuwa ƙaramar giya da ke kan sandarsa, ita kuma ta juya babbar giya, daga nan sai kuloci, sai akwatin giyar da ke tsakanin tayoyi, sai sandunan da ke juya taya, sai tayar kanta. Duk inda aka sami sako-sako a wannan jeri, nan ɓarawon yake.

Kafin a taɓa sukundireba, a fara kasa kunne. In ana jin ƙara ƙas-ƙas kamar ana niƙa tsakuwa, haƙoran wata giya ne suka cinye. In kuwa kukan sumul yake, to wani abu ne ke santsi a kan sandarsa. Sa'an nan a cire batir, a sami tawada a ja layi a kan kowace mahaɗa, rabi a kan sanda, rabi a kan abin da ke bisanta. A mayar da batir, a danne mota a ƙasa, a ɗan ba ta wuta kaɗan. Inda layi ya rabu biyu, nan ne ciwon.

A fara bincike daga taya, domin nan gyara ya fi sauƙi. A duba notin taya. A bayanta akwai wani ɗan ƙarfe ko roba mai kusurwa shida, galibi milimita 12, wanda wata 'yar ƙusa ta ratsa sanda ta riƙe shi. In kusurwoyin sun goge, ko ƙusar ta faɗi, sanda za ta yi ta juyawa taya tana tsaye. Wani lokaci ma gam ɗin da ya manne robar taya da ƙafarta ne ya saki.

Daga nan sai akwatin giyar tsakiya, wanda aikinsa shi ne barin taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu a kan kwana. A sāke cire batir, a riƙe babbar giya da taya ɗaya, a gwada murza ɗayar da hannu. In ta juya ba wuya tana ƙas-ƙas, haƙoran ciki sun tafi, sai sauyi.

Kuloci kuwa da gangan aka yi shi ya riƙa ɗan zamewa, don ya kāre giyoyi sa'ad da mota ta yi tsalle ta dira ko ta yi karo. In notinsa ya saki, zamewar sai ta wuce kima, ya yi zafi har a ji ƙauri. A ƙara ɗaure shi kaɗan kaɗan, ana gwadawa. Amma kada a ɗaure shi tam, gama in ya daina zamewa sam, wahalar za ta koma kan giyoyi, gyaran kwabo ya zama na fam.

Na ƙarshe su ne giyoyi biyu na farko. Ƙaramar tana da ɗan sukuru wanda dole ya zauna a kan shafaffen gefen sandar injin. Tazarar da ke tsakaninsu kuma da takarda ake auna ta: a sa ƙyallen takardar littafin rubutu tsakanin haƙoran, a matsa injin, a ɗaure, a zare takardar.

Mazauna Kubwa da Lugbe da Nyanya su lura da abu ɗaya. Ƙurar hunturu da jar ƙasar titunan da ba kwalta su ne manyan abokan gābar waɗannan giyoyi. Kada a shafa giris a kan giyar da ke waje, domin yana kama yashi ya zama kamar dutsen wāshi. Giris na cikin rufaffen akwati ne kaɗai. Bayan wasa a kakkaɓe mota da tsohon buroshi.

Wannan hanya ita ce dai kanikawan Apo ke bi in aka kawo musu motar da injinta ke tashi amma gudu ba ya ƙaruwa: su saurara, su bi ƙarfi daki-daki, sa'an nan su kwance. Yaran dā da suke ƙera motar kara da ta gwangwani sun san kowace gaɓa ta abin wasansu, domin da hannunsu suka haɗa. Saboda haka muna roƙon iyaye, in motar yaro ta tsaya, kada a yi saurin sayen wata. A shimfiɗa tabarma, a miƙa masa sukundireba, a bar shi ya nemo ciwon da kansa, uba yana gefe yana nuni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu yi bayani a kan kula da batir a lokacin zafi.