Awoyin Da Ƙoda Ke Yi A Wajen Jiki

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda a Idi-Araba ko a Ibadan ya san wahalar abin. Sau biyu ko uku a mako ake jona mutum da inji har awa huɗu, ya tashi a galabaice, aljihun dangi kuma ya fi shi galabaita. Fatan kowa a layin nan shi ne a yi masa dashe ya huta. Amma akwai wani sashe na aikin dashen da ba a cika zancensa ba, watau lokacin da ƙodar ke yi a waje, bayan ta bar jiki ɗaya kafin ta shiga wani.

Da zarar an yanke mata jini, ƙoda ta fara lalacewa ke nan, domin iskar da jini ke kai mata ta tsaya. Dabarar da likitoci suka samo ita ce sanyi. Sukan wanke jinin da ke cikinta da wani ruwan magani, su ƙunshe ta a jaka, su sa a akwatin ƙanƙara, sanyinta ya tsaya wajen digiri 4. Ba a bari ta daskare, gama ƙanƙara in ta fito cikin tsoka farfasa ta take yi. Sanyin kuwa rage saurin lalacewar kurum yake yi. Shi ya sa ake so a dasa ta kafin ta cika awa 24, ko da yake takan kai 36. Zuciya ba ta da wannan haƙuri, awa huɗu zuwa shida ne iyakarta.

Ƙodar da ta daɗe a sanyi nauyin barci gare ta. Sai a dasa ta ta ƙi yin fitsari, har a mai da majiyyaci kan injin wanki a makon farko, kuma irin wannan ƙoda ta fi saurin gazawa daga baya. Tun a 1967 wani likita a Amurka, Folkert Belzer, ya ƙera injin da ke tura ruwa mai sanyi cikin ƙoda ba tsayawa, sa'an nan a 1969 Geoffrey Collins ya fito da ruwan da ya sa akwatin ƙanƙara ya wadatar. An daɗe ana gardamar wanne ya fi, har a 2009 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Holan da Beljiyam da Jamus. Ƙodoji biyu na mamaci ɗaya, a sa guda a inji, guda a ƙanƙara. Na inji kashi 21 cikin ɗari suka yi jinkirin tashi, na ƙanƙara wajen kashi 26. Bayan shekara guda, kashi 94 na inji suna aiki, na ƙanƙara kashi 90.

To, ina ruwanmu? An fara dashen ƙoda a ƙasar nan a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, asibitin Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002. Amma kusan dukan ƙodojin daga jikin masu rai ake cire su, a ɗaki ɗaya a cire, a na kusa a dasa. Ƙodar mai rai ta fi kyau, wannan ba musu. Illar ita ce, tun da ba mu da tsarin karɓa da adana ta mamaci, wanda bai da ɗan'uwan da jininsu ya dace sai ya shiga neman na saye. Wa dillali zai tunkara kuwa, in ba ɗan dako da mai gadi da ɗan ci-rani da ba shi da kowa a gari ba? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana wannan ciniki, duk da haka a 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu saboda kai wani saurayi mai talla a Legas domin a cire ƙodarsa.

A ganina, bai kamata mu tsaya jiran injuna masu tsada ba. Bambancin kashi huɗu ba abin rainawa ba ne, amma akwatin ƙanƙara ba ya neman lantarki, jirgin sama kuma bai cika awa biyu daga Legas zuwa Kano ba. Lokaci yana isarmu. Abin da ya rage shi ne rajistar masu jira guda ɗaya ta ƙasa, da ɗakunan gwajin jini da tsoka, da ɗakunan jinya masu injin numfashi, domin yawancin irin wannan ƙoda daga wanda ya cika a asibiti ake samun ta, ba daga gawar da ta kwana a bakin titi ba.

Na san zuciyar mutanenmu ba ta kwanta da a taɓa gawa ba, ni ma tawa haka. Amma Majalisar Fikihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci in ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun yarda, ta kuma haramta sayarwa. Ya kamata limamanmu na Agege da Sabon Ibadan su karanta wa jama'a wannan fatawa, sarakunan Hausawa kuma su gayyato likita ya zauna kusa da liman ranar da za a karanta ta.