Karatun Alƙali Bai Ƙare Ranar da Aka Rantsar da Shi Ba

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, mun daɗe muna kira a kan mumbari da wuraren wa'azi cewa a tsayar da Shari'ar Allah, kuma ba za mu fasa ba. To amma akwai wata tambaya da ba mu cika yi wa kanmu ba, ita ce: wannan bawan Allah da aka ɗora bisa kujerar alƙalanci, aka damƙa masa jinin Musulmi da dukiyarsu da aurensu, yaushe rabonsa da zama gaban malami? Abin da muke gani shi ne, lalle ne a mayar da ci gaba da karatu sharaɗi na zama a wannan kujera, tun daga alƙalin ƙaramar kotu har zuwa Alƙalin Alƙalai.

Hadisin Buraida (R.A.) wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya kasa alƙalai kashi uku, kashi ɗaya ne kawai ya tsira. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne, ɗaya daga cikin kashi biyun da suka halaka laifinsa kawai shi ne ya yi wa mutane hukunci bisa jahilci, ko da bai karɓi ko sisin kwabo na rashawa ba. Ke nan kyakkyawar niyya ba ta wadatar da alƙali. Jahilci kuwa iri biyu ne: akwai na wanda bai taɓa sani ba, akwai kuma na wanda ya sani a da, sannan ya manta, ko zamani ya zo da abin da bai karanta ba.

Mu duba nan gida. Makera da Kakuri unguwanni ne na ma'aikata. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, mutane suka taho daga ko'ina suka zauna a kudancin kogin Kaduna, suka yi aure, suka hayayyafa. Da masaƙun suka durƙushe, ita KTL ta tsaya a 2002, dattawa da yawa sun rasu sun bar gida ɗaya da 'ya'ya rututu da haƙƙoƙin aiki da ba a biya ba. Irin waɗannan ƙararraki su ne ke cika kotunanmu.

Mu ɗauka ma'aikaci ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Ɗalibin ilmin gado ya san wannan mas'ala: asalinta 24 ne, sai ta yi auli ta koma 27, mata ta sami 3, 'ya'ya mata 16, uwa 4, uba 4. Wannan yana cikin littafi. Amma ga kuɗin sallama daga wurin aiki, ga ajiyar fansho da dokar 2004 ta kawo, ga kuma ƙanin mamacin ya zo da takarda yana cewa sunansa aka rubuta a matsayin makusanci, don haka kuɗin nasa ne. Wanne ne zai shiga gado, wanne ne ba zai shiga ba? Malamai sun rarrabe tsakanin abin da aka yanka daga albashin mamaci, wanda dukiyarsa ce a raba wa magada, da abin da ma'aikata ta bayar kyauta ga wasu da ta ambata. Shi kuwa rubuta suna a takarda ba ya mayar da wakili mai dukiya. Alƙalin da bai fahimci yadda tsarin fansho yake aiki ba, ko da ya haddace Muhtasar, yana iya miƙa wa mutum ɗaya abincin marayu, ya koma gida yana zaton ya yi adalci.

Haka nan saki ta saƙon waya. Malaman Malikiyya sun yi bayanin saki a rubuce tun da daɗewa, amma idan miji ya ce ba shi ya aika ba, ta yaya za a tabbatar? Haka gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2002, ta yanke cewa ba a kore nasabar ɗa da wannan gwaji, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, amma ana amfani da shi idan jarirai suka cuɗanya a asibiti ko aka yi jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba. Alƙalan ƙananan kotunanmu nawa ne wannan hukunci ya isa gare su?

Wanda yake ganin mun tsananta, to, ya tuna abin da ya faru bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, sauran jihohi suka bi, mu ma a Jihar Kaduna aka kafa kotunan Shari'a a watan Nuwamba na 2001. A mafi yawan jihohin an canza wa kotunan yanki suna ne, alƙalan da ke ciki kuwa aka miƙa musu sababbin dokokin haddi ba tare da isasshen horo ba. A watan Oktoba na 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke shi a ranar 25 ga Maris, 2002, daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhuma ya riga fara aikin dokar. Amina Lawal ma kotun Bakori ta yanke mata irin wannan hukunci a 2002, ta Funtuwa ta tabbatar, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Katsina ta rushe shi a ranar 25 ga Satumba, 2003, saboda, a cikin wasu dalilai, ba a ba ta haƙƙinta na janye iƙirari ba, kuma alƙali ɗaya ne ya zauna inda doka ta ce mutum uku. Maƙiya Musulunci daga Ingila har Amurka sun sami abin faɗa. Alhali Shari'ar ce da kanta ta kuɓutar da waɗannan mata a hannun manyan alƙalai masu ilmi. Rai biyu sun kusa salwanta a kan ƙa'idojin da suke rubuce a littattafan da ake sayarwa a kasuwar Kurmi.

Kada wani ya ce wannan kira baƙon abu ne. Sayyidina Umar (R.A.) a wasiƙarsa ga Abu Musa Al-Ash'ari ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Shi kansa Umar ya yanke hukunci a mas'alar gado da ake kira Mushtaraka, daga baya ya sake nazari ya yanke wani daban. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin mahukuntan da suka riga suka hau mulki. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Da aka kawo dokar Final Kod a 1960, a Kongo ta Zariya aka riƙa tara alƙalai masu furfura suna koyon ta. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fito daga waccan makaranta ta Kano ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962, bai rabu da littafi ba har Allah Ya karɓi ransa a 1992. Gemu ba ya hana ilmi.

Gwamnatin tarayya ma ta yarda da wannan, domin a 1991 ta kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da doka mai lamba 28, aikinta shi ne ci gaba da ilmantar da alƙalai na kowane mataki da ma'aikatansu. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai taron kwanaki kaɗan a Abuja, da Turanci, ba zai wadatar da alƙalin da hujjojinsa ke cikin Tuhfatul Hukkam da Tabsira, masu ƙararsa kuma suna magana da Hausa ba. An wajabta wa likita ya nuna shaidar ƙarin karatu kafin a sabunta masa lasisi, lauyoyi ma ƙa'idojinsu na 2007 sun ɗora musu haka. Ashe wanda kalmarsa ke raba aure ko ta ɗaure shi bai fi cancanta ba?

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na ɗaya, hukumar da ke naɗa alƙalan jiha ta wajabta wa kowane alƙalin kotun Shari'a wasu makonni na karatu a kowace shekara, a jarraba shi, kuma kada a ƙara masa girma sai ya ci. Ga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya, ba sai an je nesa ba. Na biyu, karatun ya haɗa fiƙihu da dalilansa na Alƙur'ani da Sunna, da kuma sanin zamani, wato banki da fansho da takardun filaye da binciken likitoci. Na uku, ofishin Alƙalin Alƙalai ya riƙa tattara hukunce-hukuncen ɗaukaka ƙara, a fassara su da Hausa a raba wa ƙananan kotuna, domin kuskuren da aka gyara a wata kotu kada a maimaita shi a wata. Na huɗu, kada a manta da magatakarda, domin abin da ya rubuta shi ne kotun sama za ta karanta.

Za a ce ƙararraki za su taru idan alƙali ya tafi karatu. Amsarmu ita ce, jinkirin mako biyu ya fi sauƙi ga bazawara a kan hukuncin kuskure da zai sa ta yi shekaru tana biyan kuɗin mota da na lauya a ɗaukaka ƙara, in ma tana da halin yi. Mafi yawan talakawa ba su da shi. Hukuncin farko shi ne na ƙarshe a wurinsu.

Mu ma akwai namu nauyin. Malamanmu su buɗe darasin babin alƙalanci da na gado a masallatanmu na Makera da Kakuri da Barnawa, a gayyaci alƙalai cikin girmamawa. Masu hali su yi waƙafin littattafai ga ɗakin karatu na kotu ta hannun hukuma, kada a kai wa alƙali kyauta gidansa, domin wannan ƙofa ce ta ɓarna. Mai sana'ar ƙira ya san cewa wuƙa komai kyanta, idan aka daina wasa ta, dakushewa take yi.

Allah Ya yi wa alƙalanmu jagora, Ya ƙara musu ilmi da tsoronSa, Ya sanya su cikin kashin da ya tsira.