Muna Musu a Kan Superman, Wa Zai Zana Mana Kanta?

Tun da aka ɗauke rigar Superman daga Henry Cavill aka ba David Corenswet, musu bai mutu ba. Fim ɗin ya fito a Yulin 2025, amma har yau in ka leƙa Facebook ko TikTok za ka tarar ana ta yi: wannan ya ce sabon ba shi da kwarjini, wancan ya ce tsohon kullum fuska a murtuke. Haka aka yi a 2024 da Marvel ta ce Robert Downey Jr., wanda muka sani da Iron Man, zai dawo a matsayin mugu Doctor Doom. Daga shagon cajin waya a Kebbe zuwa majalisar samari a Tambuwal, kowa ya zama darakta.

Ba laifi ba ne, abokina. Musun fim nishaɗi ne, kuma yana koya maka lura da labari. Amma tsaya ka tambayi kanka: muryar wa ake ji a can?

Wani lokaci kamfanonin nan suna sauraron masoya. Bayan Justice League na 2017 ya ba mutane haushi, magoya bayan Zack Snyder sun shekara uku suna matsa lamba, har aka saki nasa tsarin mai kusan awa huɗu a 2021. Ba tausayi ne ya sa ba. Kamfanin ya ga mutanen da za su biya kuɗin kallo ne. Wani lokacin kuma ana yin kunnen uwar shegu da su. Da Chadwick Boseman ya rasu a Agustan 2020, an yi ta kira a ba wani matsayin T'Challa, Marvel ta ƙi, ta fitar da Wakanda Forever a 2022 ba tare da sabon ɗan wasa a gurbinsa ba. Kai, masoya ma kan yi kuskure. An yi ta sukar zaɓen Heath Ledger a matsayin Joker, ƙarshe rawar ce ta ci masa Oscar a 2009, bayan rasuwarsa.

To mu fa? Yawancinmu wurin mai tura finafinai muke karɓa, ko aboki ya watso mana ta Xender. Ba mu cikin lissafin Hollywood. Datarmu muke ƙonawa a shari'ar da ba a gayyace mu ba.

Inda muryarmu take da nauyi kuwa, sai an gama muke farkawa. Ka tuna fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya hau Netflix a Nuwamban 2021? Lucy Ameh ce ta fito a matsayin Sarauniyar Zazzau, Ali Nuhu ma yana ciki. 'Yan Arewa da yawa sun koka a kan harshe, da sutura, da yadda aka juya tarihi. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai wanda ya zuba kuɗinsa shi ya zaɓi fuskar da duniya za ta gani. Haka Roye Okupe, ɗan Legas, ya ƙirƙiri Malika, jaruma mai mulkin Azzaz, wadda ya samo daga labarin Amina. Karanta sunan masarautar da kyau, za ka ji ƙamshin Zazzau.

Ba satar mana suka yi ba, sun ga abin da muka ajiye ne suka ɗauka. Kuma dubi ƙofar da 'yan Afirka suke bi yanzu: zane mai motsi, wato katun. Kugali ta haɗa kai da Disney suka fitar da Iwájú a Fabrairun 2024, labarin Legas ta nan gaba. Iyanu na Okupe, mai tushe a al'adun Yarabawa, ya fara fita a Cartoon Network a 2025. Supa Team 4 na Netflix 'yan matan Lusaka ne a Zambiya. Wanda ke cewa katun na yara ne, ya tuna Spider-Man: Into the Spider-Verse ya ci Oscar a 2019.

Katun ya fi dacewa da halinmu. Kannywood ba ta da kuɗin tara dawaki dubu ko sake gina ganuwar Surame. Mai zane kuwa zai iya, da kwamfuta da haƙuri da manhajar Blender wadda kyauta ce. Ba ya buƙatar wani ɗan wasa ya yi kama da jarumi, shi zai zana fuskar.

Labarai kuwa ba mu rasa ba. Ga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya ja da Songhai da Borno, kufan birninsa Surame yana nan cikin jiharmu ta Sakkwato. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Ga Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tari sojan Faransa a 1899. Ga Gandoki na Bello Kagara tun 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ƙanenka ya haddace sunan duk 'yan Avengers. Tambaye shi wane ne Kanta, ka ji.

Ba cewa nake ka daina kallon Marvel ba. Cewa nake ka raba datar nan biyu. In ka ci karo da matashin da ke haɗa katun da Hausa a YouTube, ko da zanen bai goge ba, ka kalla a shafinsa, kar ka jira a turo maka. Ka yi masa gyara irin wanda kake yi wa Superman, dalla-dalla, ba zagi. Shi zai karanta, kuma gobe zai gyara. In kai ne mai zanen, fara da minti biyu: Kanta a bakin ganuwa, ya isa.

Warner Bros. za ta sake canza Superman ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Fuskar Kanta kuwa har yanzu tana hannunmu, kafin wani ya riga mu.