Rumbun Bayanai da Haruffa Masu Ƙugiya

A unguwar Nassarawa ta Kano ne Hanns Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, daga baya gidansa ya zama ma'ajiyar kayan tarihi. Duk ranar da aka tashi ɗora takardu irin na wannan gida a intanet, wajibi ne a zaɓi rumbun bayanai da manhajar gina shafi.

Masana kwamfuta sukan duba sauri da araha, amma manazarcin Hausa yana da nasa ma'aunin. Rumbun da ya kasa rarrabe baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ba shi da amfani gare shi. Alal misali, MySQL, wanda ya fito a 1995, ya daɗe yana zuwa da tsarin latin1, alhali kuwa babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa. Sai a 2018 aka mayar da utf8mb4 tsarinsa na asali. Wanda ya zuba Hausa a tsohon tsarin yakan tarar da alamar tambaya a gurbin ƙugiya.

Saboda haka sharuɗɗa uku ne. Rumbu ya karɓi Unicode. Ya jera kalmomi yadda ƙamus ke yi, wato ɓ bayan b. Shafi kuma ya nuna ajami daga dama zuwa hagu. PostgreSQL da MariaDB suna karɓar Unicode, ba a kuma biyan kuɗin lasisinsu.

Tun ran gini ran zane. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su sa baki kafin a ba da kwangila.