Sola mai janareto a gefe: A auna da mita, kada a bi suna

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wutar sola ta shiga bakin kowa. Sai dai yawancin ƙananan tashoshin da ake kafawa a karkara gauraye ne: farantan rana, da batura, da janareto mai shan man gas da ke tashi idan baturan suka yi ƙasa. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce, shin irin wannan tasha ta cancanci a lissafa ta cikin tsaftatacciyar wuta?

Amsar tana da kuɗi a bayanta. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ɗora wa hukumar NERC alhakin ganin wani kaso na wutar ƙasar nan ya fito daga makamashi mai sabuntuwa, ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa. Duk tashar da aka kira tsaftatacciya, ta samu ƙofar shiga irin wannan tallafi.

Matsalar ita ce suna ba ya faɗin abin da ke ciki. Tashar Jami'ar Bayero ta Kano da aka ƙaddamar a 2019 an ce mai megawat 7.1 ce, amma kusan rabin wannan adadi ne kawai na farantan rana. Wannan ba laifi ba ne, haka tsarin yake. Laifin yana zuwa ne idan mai kwangila ya rage batura, ya bar janareto yana ruri dare da rana, sannan a rubuta duk wutar a matsayin ta rana.

Wasu na ganin a cire gaurayen tashoshi daga lissafi gaba ɗaya. Ba mu goyi bayan haka ba. Ƙurar hunturu da hadarin watan Agusta na rage ƙarfin faranti, alhali firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa ba sa jiran rana ta fito. Batura masu ɗaukar dare sukutum kuwa suna da tsada. Hana tallafi ga gauraye tamkar barin ƙauye cikin duhu ne.

Amma a ƙauyuka irin su Karare, a yankin Batsari da Safana, yawan man da tasha ke sha ba zancen sauyin yanayi kaɗai ba ne. Kowace jarka sai an yi dakonta a hanyoyin da ke makwabtaka da dajin Rugu, inda matsalar 'yan bindiga ta daɗe tana addabar jama'a. Kuɗin man da na dako duka a kan mai injin niƙa da mai cajin waya suke ƙarewa. Ranar da man ya yanke kuma, wuta ta yanke.

Don haka muna kira ga NERC da REA da gwamnatin Jihar Katsina su yi abu uku. Na farko, a sa mita daban ga faranti, daban ga janareto, a lissafa abin da rana ta bayar kawai a matsayin tsaftatacce. Na biyu, a ɗaura tallafi kan wannan kaso, yadda wanda ya ƙara batura zai fi samu. Na uku, a riƙa liƙa alƙaluman kowane wata a ƙofar tasha da Hausa, domin mai biyan kuɗin wuta ya san nawa rana ta ba shi, nawa kuma ya saya da man gas.